Zoben Inno a Hanyar Dakko

Da magariba na fice daga gidan kakata Inno a fusace, na kama hanyar Dakko. Zobenta ya ɓace, mai duba ya kalli hannuna ya ce dogayen yatsu irin nawa na ɓarayi ne. Kowa kuma ya yarda.

Kusa da rijiyar makiyaya wata tsohuwa ta tare ni.

"Ɗiyata, kawo hannunki in duba."

"Ba ni so, Iya. Irinku kuka ja mini sunan ɓarauniya. Duba naki mana."

Ta yi murmushi, ta buɗe shi a hankali. Kwaɗi suka yi tsit. Tafin sumul yake kamar bayan ƙwarya, babu zane ko ɗaya. A doguwar yatsarta ta tsakiya kuwa, zoben Inno ne ke ƙyalli.