Ƙunshin da Aka Ba Masinja

Tun da aka sallame shi daga ofis da agogon bango da 'yar takardar yabo, Masinja bai iya zama ba. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai saƙo daga bene zuwa bene, kuma ƙafarsa ba ta yarda an yi ritaya ba. Da safe ya zaga unguwa, da yamma ya sake zagawa. Maƙwabta sun gane shi. Wannan ta ce ya karɓo mata ɗinki, wancan ya ce ya leƙa masa ko mai gyaran rediyo ya buɗe. Bai taɓa cewa a'a ba. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: bai taɓa buɗe saƙo ba, bai kuma taɓa dawowa da shi ba.

Ran nan, gab da magariba, yana ta kai da komo a tsakar gida.

"Malam, kujerar nan ƙaya gare ta ne?" in ji matarsa.

"Ke dai faɗi abin da ya ƙare a gidan nan."

'Yarsa ta leƙo daga ɗaki, jaririnta a kafaɗa. Ko wata biyu yaron bai cika ba. "Baba, maganin sauro. Jiya sun kusa cinye mini shi."

Kafin ta rufe baki ya sa takalmi.

Shagon kusa a rufe yake, sai ya miƙa can gaba. Ya sayo, ya sa a aljihu, ya juyo ta wani lungu da bai saba bi ba, don kawai hanyar ta ƙara tsawo. Hasken rana ya koma kamar ruwan shayi. Lungun shiru, ko kukan akuya babu. Sai warin rigar da ta kwana a jiƙe.

"Masinja."

A hankali aka faɗa. Wata mata ce tsaye a bakin wata tsohuwar ƙofa, mayafi ya rufe mata fuska. Tana riƙe da ƙunshin farin ƙyalle.

"An ce ba ka mayar da aike."

Daɗi ya kama shi, har ya gyara tsayuwa. "Gaskiya aka gaya miki, baiwar Allah. Ina za a kai?"

"Ka bi bayan makaranta. Ka tsallake kwata, ka karya dama. Gida mai shuɗiyar ƙofa. Ka ba ƙaramin cikinsu."

Ya miƙa hannu biyu. Yatsunta ba su taɓa shi ba.

Da farko ƙunshin ba nauyi, kamar an naɗe iska. Yana tafe yana maimaita kwatancen a ransa, yadda ya saba. A bayan makaranta sanyi ya fara ratsa ƙyallen. Wajen kwata ya ji nauyin ya kai na tulu. Ya sauya hannu, bai ji sauƙi ba.

Sai abin ya motsa.

Ya tsaya. Ya kasa kunne. A cikin ƙyallen ana numfashi, siriri, mai ɗan shaƙaƙƙen tari. Ya buɗe baki zai yi addu'a, harshensa ya zama kamar an ɗaure da zare.

Ya sunkuya zai ajiye. Hannayensa suka ƙi buɗewa.

Ƙafarsa kuwa ta ci gaba da kanta. Ta karya dama. Ya ɗaga kai, ya ga shuɗiyar ƙofa. Shi ya yi mata fentin nan da hannunsa. Ta baya aka kwatanta masa gidansa.

Daga ciki jikansa ya tsala kuka, irin wanda bai taɓa yi ba. Ƙunshin ya miƙa wuya wajen kukan.

Ƙofar ta buɗe. Matarsa ce.

"Ka daɗe. Mene ne wannan kuma? Shigo mana."

Ƙafarsa ta ɗaga za ta taka dokin ƙofa. Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini. Ya ja ta baya kamar mai cire ƙafa daga laka.

"Rufe," ya ce da raɗa. "Sa sakata."

"Malam?"

"Rufe, don Allah."

Ya juya. Kowane taku kamar ana jan sa da igiya ta baya. Abin da ke hannunsa ya fara tonon ƙirjinsa, yana ƙara, ƙara irin ta ƙyauren da ya sha tsatsa. Ya tsallake kwata. Ya bi bayan makaranta. Gumi ya jiƙa shi, amma hannayensa ƙanƙara.

A lungun babu ƙofa. Katanga ce doguwa, ko tsaga babu.

Matar tana nan, ta jingina da ita.

"Ka kai?"

Bai taɓa yi wa mai aike ƙarya ba sai yau. "Ba su nan. Sun tashi."

Ta matso. Ƙafarta ba ta yi sauti ba. Ta sunkuyo kan kafaɗarsa, ta ja numfashi mai tsawo.

"Ƙamshin yaron na rigarka."



"Ba a dawo mini da shi," ta ce. "In ya fita, sai an karɓa. Koma. Ko in kai da kaina."

Ya tuna yadda ake yi a ofis in mai saƙo ba ya nan. Wani na gidan ke karɓa a madadinsa.

"Ni kakansa ne," ya ce. "Na karɓa."

Ta daɗe tana kallonsa ta cikin mayafin.

Ƙunshin ya saki. Sanyin ya bi hannayensa ya haura kafaɗa, ya sauka wani wuri can ƙasan haƙarƙari, ya kwanta. Farin ƙyallen ya faɗi ƙasa, ba komai a ciki.

Ya ruga. Takalminsa ɗaya ya fita, bai waiwaya ba.

Da ya isa gida yaron ya yi barci, yana tsotsar hannu. Masinja ya ciro maganin sauro daga aljihu, duk ya kakkarye, ya miƙa wa 'yarsa. Sai da gari ya waye ya iya ba da labari.

Yaron ya yi ƙiba, ya yi haƙora, ko mura bai yi ba. Masinja kuwa hannayensa ba su sake ɗumi ba. Asibiti sun auna, sun ce ba su ga komai ba. Ran da 'yarsa ta miƙa masa yaron, sai ya ja baya, ya cusa hannu a hammata.

"Bar shi nan inda zan gan shi," ya ce.

Haka ya riƙa zama a bakin ƙofar ɗakin, yana yi masa wasa da ido, yana ramewa a hankali. Ya ga zamansa, ya ga rarrafensa. Ran da yaron ya saki bango ya yi taku na farko, an riga an kwana uku da binne kakansa.