Abin Da Ke Riƙe Tayar Hagu

Ran da abin ya fara, babu wata alama. Rana ta yi ja, inuwar katanga ta cinye tsakar gida, Akawu ya ɗauko 'yarsa Auta daga makaranta a cikin motarsa. Tsohon ma'aikacin ofis ne, ya ajiye aiki amma sunan aikin ya biyo shi gida. Motar kuwa ita ce abin da ya fito da shi daga shekara talatin da biyar na zaman tebur. Kowace safiya sai ya goge ta da tsumma biyu, ɗaya na jiki, ɗaya na gilashi. Matarsa takan ce, "Da ni ake shafawa haka, ai da ban tsufa ba."

Ya karya kan motar zai shiga ƙofar gida, sai ya ji ƙas, ƙas, ƙas daga wajen tayar hagu ta gaba. Kafin ya taka birki wani abu ya ce ɓas. Inji ya ci gaba da kuka, mota kuwa ta tsaya cik, rabi a ciki, rabi a waje.

Da safe bakanike ya zo ya kwanta a ƙarƙashinta, ya fito da ƙarfe biyu a hannu.

"Shaf ne, Baba. Sandar nan da ke ɗaukar ƙarfin inji ta kai wa taya."

"Motar ko shekara biyu ba ta yi ba."

"Abin da nake kallo ke nan. Abin da ke kashe shaf da wuri, robar da ke rufe kansa ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga. To ga roba lafiya lau, ga giris cike." Ya yi dariya. "Faɗa min gaskiya, ko giwa kake ɗauka a ɓoye?"

Aka sa sabo. Ya yi kwana arba'in ya karye, a ƙofar nan, a daidai lokacin nan. Na uku mako biyu ya yi. Wannan karon bakanike bai yi dariya ba. Ya ɗaga ƙarfen a hasken rana, ga shi a murɗe kamar tsumman da aka matse, ga kuma gurbin yatsu biyar sirara sun nutse a jikinsa.

"Ni ƙarfe na sani," in ji shi yana tattara kayan aikinsa. "Wannan ba aikin hanya ba ne. Zan sa maka na huɗu, amma ka nemi wanda ya fi ni."

Akawu bai nemi kowa ba. Ya jera karyayyun ƙarafen uku a ɗakin ajiya, ya ɗaura wa kowanne takarda da kwanan watan da ya karye.

Daga nan sai rufin gida ya ɗauka. Da zarar rana ta faɗi, tsuntsaye sun yi shiru, sai a ji wani abu ya faɗo kan kwano, ya gangaro a hankali, ya faɗi tsakar gida. Sau shida kowace magariba. Matarsa ta tsinto su a bakin zane ta kawo masa. 'Yan ƙwallayen ƙarfe ne, irin waɗanda ke cikin kan shaf, da ɗuminsu, da baƙin giris a jikinsu.

"Malam, mu nemi taimako."

"'Yan unguwa ne," in ji shi, bai kalle ta ba.

Auta shekararta goma sha uku, kuma ita kaɗai ta rage musu a gida. Wata yamma ta ajiye masa ruwa, ta juya za ta koma, sai gwiwarta ta hagu ta ce ƙas, ƙas, ƙas. Kofin ya kusa suɓuce masa. Bayan kwana uku ta daina cin abinci. A na biyar aka neme ta aka rasa, sai uwarta ta same ta kwance ƙarƙashin mota, ta manna kumatu a tayar hagu, tana rarrashin wani abu da muryar da ba tata ba. Da aka jawo ta, ƙafar ta soma karkata ciki tun daga gwiwa.

Yayan matar ne ya kawo malamin, wani tsoho mai ƙaramin jiki da ba ya ɗaga murya. Ya ƙi shiga ɗaki. Ya ce a shimfiɗa tabarma kusa da motar, a kwantar da yarinyar. Ya daɗe yana karatu, har hasken ya koma toka. Sai Auta ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni," in ji muryar nan da ba tata ba.

"Wace ce ke, me kuma yarinyar nan ta yi miki?"

"Ka tambayi mai tsumma biyu. Ya sani."

Akawu ya ji duk idanu sun dawo kansa. Ya sani kuwa. Wata huɗu ke nan yana ɓoye abin, har ga kansa.

"Ɗana yana son ɗumin inji," in ji muryar. "Yakan shiga siffar ɗan kyanwa ya kwanta a ƙofar nan ya jira motar. Ran nan wannan ya taho da sauri ya bi ta kan bayansa. Ban zarge shi da wannan ba, ƙaddara ce. Amma ya fito, ɗana yana jan ƙafafu yana kuka, sai ya duƙa. Na ce zai ɗauke shi. Ashe tayar yake dubawa. Ya sa takalmi ya tura min ɗa cikin kwata, ya ɗebo ruwa ya wanke tayar. Har da sabulu."

Matar Akawu ta rufe baki da mayafi.

"An zalunce ki," in ji malamin. "Amma yarinya ba ta taka kowa ba."

"Nawa ma bai taka kowa ba."

"A yanka miki rago, a yi sadaka."

"Ɗana ba rago ba ne."

"To faɗi abin da zai fitar da ke, in dai bai saɓa wa Allah ba."

Ƙafar yarinyar ta motsa, ƙas.

"Ya bar min motar. Nan inda take. Kada a sake tayar da ita, kada a rufe ta, kada a goge ta. Ruwa ya dake ta, tsatsa ta ci ta yana kallo. In ba haka ba, in murɗe ƙafar nan kamar yadda na murɗe sauran ukun."

Malamin ya sauke numfashi. "Alhamdu lillahi, sauƙi ya zo." Ya juyo wajen Akawu.

Akawu yana son 'yarsa, kada wanda ya yi shakkar wannan. Amsar tana bakinsa. Amma idonsa ya riga bakinsa, ya sauka kan motar, ya ga ƙurar yinin nan ta kwanta a gaban gilashi. Sai ya ji kansa yana cewa:

"Ko gogewa ma ba za a yi ba?"

Sannan dariya ta fito daga bakin Auta, doguwa, busasshiya.

"Ki ɗauka!" in ji Akawu. "Ki ɗauka, na bar miki!"

"Me zan yi da ƙarfe? Tun kafin in tambaye ka na sakar wa yarinyar kunnuwanta. Ta ji amsarka. Riƙe motarka, riƙe 'yarka. Malam, buɗe min hanya."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku ta zube a jikin uwarta. Da ta buɗe ido, ƙafarta ta miƙe sarai. Ta dubi uwarta, ta dubi kawunta, ta dubi malamin. Shi ne kawai ba ta duba ba.

Shaf na huɗu bai karye ba. Bakanike yakan ce bai taɓa sa mai ƙarko irinsa ba. Auta ta warke, ta koma makaranta da ƙafa. Kowace safiya takan durƙusa ta gaishe da ubanta cikin ladabi, babu abin da za a kama ta da shi, sai dai kalmar Baba ba ta sake fitowa daga bakinta ba.

Wata yamma ruwa ya tsuge, ya hango ta a bakin titi ta rungume littattafanta. Ya tsaya, ya miƙa hannu ya buɗe mata ƙofa.

"Shigo, Auta. Kin jiƙe."

"A'a, na gode," in ji ta. "Takalmina da laka. Kada in ɓata ta."

Ta ci gaba da tafiya. Ya bi ta a baya a hankali, ƙofar a buɗe, ruwa yana shiga yana jiƙa kujera. Da suka iso gida ya karya kan motar, ya kasa kunne yana roƙon ya ji ƙas ko sau ɗaya. Motar ta shige sumul.