Kwandalar Antakiya

Da hantsin ranar Lahadi aka kira Sufeto Marleen Depoorter zuwa shagon kofi na Godelieve da ke bayan kasuwar garin Kortrijk. An ce mata an yi sata, kuma ɓarawon yana cikin ɗakin bai fita ba.

A ɗakin baya ta tarar da su, tsofaffi masu tara kwandalolin zamanin Yaƙin Salibiyya, sun kewaye dogon tebur, kowa ya zazzage aljihunsa a gabansa. Makullai, hankici, ƙwayoyin hawan jini. Babu wanda ya ɗago ya kalli ɗan'uwansa.

"Wa aka yi wa satar?"

Wani siririn dattijo ya miƙe. Octaaf Verhulst ke nan, tsohon malamin makaranta. Ya tura mata faranti mai shimfiɗar jan ƙyalle, ramukan kwandaloli a jere, ɗaya babu komai.

"Ranki ya daɗe, kwandalata ta tsohon birnin Antakiya. Al'adarmu ce, faranti ya zaga hannu zuwa hannu kowa ya duba. Ya dawo mini babu ita."

Marleen ta leƙa. Kwandalolin zinariya suna nan suna sheƙi, ba a taɓa su ba.

"Ɓarawo ya bar zinariya ya ɗauki me?"

"'Yar ƙarama ce, baƙa wuluk, kamar murfin kwalba. Amma sojan da ke jikinta dama yake kallo. Duk 'yan'uwanta hagu suke kallo."

"Shi ya sa na ce jabu ce!"

Mai maganar ƙato ne mai farin gashin baki, yana zaune a ƙarshen tebur ya harɗe hannuwa. Remi Claerhout, shugaban ƙungiyar, abokin Octaaf tun suna 'yan makaranta.

"Sufeto, kada tsohon nan ya ɓata miki lokaci. Gobe ne zai kai ta gidan tarihi masana su duba. Ya san asirinsa zai tonu, shi ne ya ɓoye abarsa yake mana kukan ƙarya. Mu kuma dokarmu a fili take, wanda ya yaudari 'yan'uwa sai ya bar mana teburinmu."

Octaaf ya koma ya zauna. Marleen ta lura da yadda sauran suka ɗan janye kujerunsu daga gare shi, abin ya yi mata ciwo. Tun rasuwar matarsa, kamar yadda Godelieve ta gaya mata da shigowarta, mutumin ba shi da kowa sai teburin nan.

"Kai ka riƙe ta yau?" ta tambayi Remi.

"Ni? Ba na ɓata yatsuna da jabu. Wucewa na yi da farantin."

Ta sa ɗan sandan da ya rako ta ya tsaya a ƙofa, ita kuma ta bi Godelieve kicin.

"Uwar gida, me idonki ya gani?"

Godelieve ta taɓe baki tana goge kofuna. "Ni dai kofi nake kai musu. Amma tsofaffin nan, 'yar'uwa, kishinsu ya fi ƙarfin bayani. In ɗaya ya samo sabuwar kwandala, sai ki ga ɗayan ya kasa haɗiye biskit. Remi kuwa tun da Octaaf ya samo baƙar nan bai ƙara yi masa dariya ta gaskiya ba."

"Yau fa? Wani abu da ya saɓa?"

"Kofi ya zube a tebur, ana cikin hayaniyar neman abar. Sai na ga Remi ya yi wuf ya ɗauke kwanon tarkace ya ɗora a kan kabad. Na ce yau kuma? Mutumin da kullum yake cewa in zubar da kwanon a shara."

"Wane kwano?"

"Na tsofaffin kwandaloli marasa amfani. Kowa ya samu wadda ba ya so sai ya jefa ciki."

Marleen ta auna abin a ranta. Za ta iya juye kwanon ta sa Octaaf ya tsinto abarsa, amma Remi zai ce ai ga shi, Octaaf ne ya jefa ta ciki da kansa. Ba kwandalar kaɗai take nema ba, har da wanke sunan tsohon.

"Ara mini soson ƙarfe da ruwan tsami. Da roba."

Ta koma ɗakin ta sauko da kwanon, ta naɗe hannun riga kamar mai shirin wanke-wanke.

"Dattawa, ni ban san kan sana'arku ba. Duk waɗannan baƙaƙe ne, ba na gane soja balle inda yake kallo. Zan jiƙa su in dirje su ɗaya bayan ɗaya har su yi fes."

Wani mai sanƙo ya yi tsaki. "Ba a wanke tsohuwar kwandala, Sufeto, baƙin nan shi ne darajarta. Amma waɗannan tarkace ne, ki dirje abinki."

Octaaf ma kafaɗa ya ɗaga, hankalinsa yana wani wuri. Marleen ba su take kallo ba. Ta tsiyaya ruwan tsamin a roba, warinsa ya cika ɗakin. Ta ɗauki ta farko ta goga mata soso har ta yi ƙara. Gumi ya tsatso a goshin Remi.

Ta ɗaga kwanon gaba ɗaya ta karkata shi a kan robar.

"Ke! Kin haukace ne?"

Kujera ta faɗi. Remi, mai ciwon gwiwa da sanda, ya iso kanta kafin ɗan sandan ya motsa. Ya fizge kwanon, ya tura yatsu biyu can gefe ɗaya ba tare da ya lalube ba, ya zaro 'yar baƙar kwandala. Ta gefe ya riƙe ta, a hankali, yana huci.

"Shekara ɗari takwas ta yi a duniya, ki zo ki kashe ta da soson tukunya?"



"Jabun?" in ji Marleen.

Remi ya kalli abin da ke hannunsa, ya kalli mutanen da ya shugabanta, sai ya ja kujera ya zauna.

"Me ya sa, dattijo?"

"Tare muka je kasuwar gwanjo ranar," ya ce, muryarsa ta dushe. "Ni na fara ɗaukarta. Ni! Na juya ta, na ce ƙarya ce, na mayar. Wannan da ni na koya masa riƙon kwandala ya zo bayana ya tsince ta. A mota na sake dubawa, na gane kuskurena. Kullum ya buɗe farantin nan sai in kawar da kaina. Gobe kuma duniya ta ji cewa Remi Claerhout ya riƙe ta ya ajiye?"

"Sai ka gwammace a kore shi a matsayin maƙaryaci."

Remi ya miƙo mata abin da ke hannunsa.

Marleen ta karɓi kwandalar ta mayar a raminta. Ɗan sandan ya kama Remi a damtse, ya miƙa masa sandarsa. Sun kai bakin ƙofa Octaaf ya yi magana, ko kallon farantin bai yi ba.

"Remi. Don Allah ka faɗa a gabansu. Ta gaske ce?"

Remi ya tsaya, bai juyo ba.

"Ta gaske ce, Octaaf. Tun ranar farko na sani."

Aka fita da shi. Sai a lokacin tsohon malamin ya kifa kansa a tebur ya fashe da kuka, kwandalar tana kusa da gwiwar hannunsa bai ko taɓa ta ba.