Nono Ɗaya

Biki ya ƙarato. Auta na zaune a ɗakin Kaka, ta kunna rikodin a waya, wai za ta zana jerin kakanninta da na angonta Tela ta rataye a falonsu. Su biyun marayu ne. A unguwarsu aka haifi Tela, amma tun yana rarrafe dangin ubansa suka tafi da shi, sai da ya girma ya dawo.

"Kaka, kin san mahaifiyarsa? Kitso take yi."

"Mai kitso? Allah Ya jiƙanta, wurin haihuwa ta tafi. Jariri ya yi ta tsala ihu, uwarki na goyon yayanki, ta ɗauke shi ta ba shi nono wata da watanni..." Sai tsohuwa ta dafe ƙirji. "Wai shi ne Telan naki? Innalillahi! Auta, ɗan'uwanki ne, babu aure!"

Gwaggo da ke bakin ƙofa ta faɗo ɗakin kamar an jefo ta.

"Goge abin nan! Tsohuwa ta fara ruɗewa. An raba kati, an kama hol, so kike ki kunyata mu?"

Auta ta yi kuka har idanunta suka kumbura, don tana son Tela kamar ranta. Duk da haka ta ja mayafi ta nufi shagonsa. Ta same shi yana ɗinka rigar aurenta, ta kunna masa muryar Kaka. Keken ɗinkin ya tsaya cak.

"Filis, Auta," ya ce. "In kika yi dilit, wa zai sani?"

"Ni zan sani, Yaya."

Bai taɓa jin kalma mai ɗaci irin wannan ba. Ya kifa kansa a kan keke yana kuka.

Aka fasa biki. Unguwa ta ɗauki gulma, Gwaggo ta daina amsa gaisuwarta, Auta ta rame ta yi baƙi. Shekaru suka ja kafin wani malamin makaranta ya ji labarin, ya ce macen da ba ta ɓoye wannan ba, babu abin da za ta ɓoye masa. Ya aure ta, ya riƙe ta da mutunci.

Gaskiya kan raba mutum da abin da yake so, amma ba ta barin mai haƙuri hannu wofi. Yau 'ya'yan Auta da gudu suke shiga shagon Tela, suna kiransa Kawu.