Tukunyar Sabuwar Shekara

A wani gari can da, al'adarsu ce kowane gida ya tuƙa tuwon sabuwar shekara a sabuwar tukunya. Maginiya kuwa ɗaya ce tak a garin.

Da shekara ta ƙarato, mata suka cika mata gida. "Iya, yi sauri! Iya, yi sauri!"

Ta yi sauri. Ta gasa tukwane tun ba su bushe ba, suka farfashe. Ta ƙara sauri, suka ƙara fashewa. 

Sai ta koma inuwa ta zauna, ta ja dogon numfashi. Ta kwaɓa yumɓu a hankali, tana jin sanyinsa a tafin hannunta. Ta gina ƙatuwar tukunya guda ɗaya.

"Iya, yi sauri!"

"Ku gaya wa yumɓun," in ji ta. "Ni dai na daina gasa ɗanya."

Tukunya ta bushe a hankali, ta gasu a hankali. Ranar sabuwar shekara aka tuƙa tuwon mutanen garin duka a cikinta, ko tsagewa ba ta yi ba. Kowa ya ci ya ƙoshi, mata suka rangaɗa guɗa.

"To, Iya, namu tukwanen fa?"

Ta yi dariya. "Ai yau shekarar ta fara. Ku samu wuri ku zauna."