Kwanon da Ba Ya Son Ruwan Zafi

"Auta! Sauke hannunki daga kabad ɗin nan!"

Auta ta ja da baya da tsumman goge-goge a hannu. Shekararta ashirin da biyu, amma har yau in Abba ya ga ta doshi kabad ɗin gilashin falo sai ya daka mata tsawa kamar 'yar yaye. Abba mayen tsofaffin kayan tangaran ne: farantai a bango, kofuna a kanta, butocin shayi da ba su taɓa ganin shayi ba. Amma babbansu duka shi ne kwanon kakansa, fari mai shuɗin zanen tsuntsaye biyu a kan reshe. 'Yan gidan kan ce, a ɓoye dai, da gobara za ta tashi, kwanon zai fara fitarwa kafin ya tuna da su.

Ran nan Auta ta kasa zama wuri ɗaya, don masoyinta ne zai zo. Mai Tangaran ake ce masa. Ya gaji shagon gyaran tsofaffin kayan tangaran daga mahaifinsa. Abba ya riga ya amince da aurensu. Sai dai Yaya, babban wanta, ya samo wani attajiri da zai sayi kwanon ya sa a ɗakin nuninsa da sunan kakan Abba a jiki, muddin masani ya sa hannu cewa bai taɓa fashewa ba. Shi ya sa aka kira Mai Tangaran. Sunan ne ya ja Abba. Shi kuwa Yaya, sabuwar mota yake hange.

"Aikin minti ɗaya ne, suruki," in ji Yaya yana tura masa takarda da biro. "Rubuta orijina kawai, mu wuce wurin."

Mai Tangaran ya ɗauki kwanon da hannu biyu. Ya ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Maimakon ƙara mai tsawo, sai aka ji wani ɗan "tak" a mace. Ya kifa shi, ya haska gindin da tocilar wayarsa, sai ya ga wani ɗigon shuɗin fenti kamar ƙwayar gero. Nan take ya gane shi. Alamar da mahaifinsa ke sa wa duk abin da ya gyara ce.

Ya ɗaga kai, sai ya yi ido biyu da Umma, mahaifiyar Auta, tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu, tana kallonsa da idon roƙo.

"Abba, a gafarce ni," ya ce a hankali. "Ba zan iya sa hannu ba. An taɓa gyara shi."

"An taɓa me?" Abba ya miƙe. "Kwanon da idona ke kansa shekara arba'in? Wa ya fasa shi?"

"Gyaran na gani, Abba. Ban ga faɗuwarsa ba."

"Kun ji ko!" Yaya ya buga tebur. "So yake ya kashe masa daraja ya saye shi a banza! Tun bai shigo gida ba ya fara lissafin gado!"

"Yaya, don Allah..." Auta ta fara.

"Rufe mini baki!" in ji Abba. Ya nuna ƙofa. "Kai kuma fita. Maganar aure babu ita."

Mai Tangaran ya ajiye kwanon a tsanake. A bakin ƙofa ya waiwayo. "Alfarma ɗaya, Abba. Kada a taɓa sa masa ruwan zafi."

Bayan kwana uku Auta ta same shi a shago, cikin warin gam da tulin ɓarɓashin farantai. Idonta ya yi jawur.

"Sa hannu ɗaya fa! Ɗaya tak! Ashe tsohon kwano ya fi ni a wurinka?"

"Ba abin da ya fi ki. Amma in na yi wa mahaifinki ƙarya don in same ki, wace magana tawa za ki yarda da ita gobe?"

"To faɗa masa wanda ya fasa, in ka sani!"

Ya sunkuyar da kai. "Wannan ba maganata ba ce. Sori, Auta."

"Riƙe sorinka!" Ta fita da kuka, ta bar shi da burushi a hannu da zuciya kamar za ta tsage.

Wata biyu gidan nan ba daɗi. Auta ta rame, ta daina hira, amma ko sau ɗaya ba ta ɗaga wa Abba murya ba. Masoyinta kuma bai yi zuciya ba. Duk mako sai ya aiko da gaisuwa, duk mako Abba ya ce a mayar masa da abarsa. Abin mamaki, Umma ta fi Auta ramewa.

Yaya dai bai huta ba sai da ya samo wani masani mai araha da ya sa hannu ko kallon kwanon bai yi ba. Ran da attajirin zai zo, ya ɗauki kwanon zuwa kicin don ya wanke shi ya yi ƙyalli.

"Yaya, ya ce fa ban da ruwan zafi," in ji Auta.

"Shi ya sa ma zan sa!" Ya tuttula tafasasshen ruwan buta a roba, ya tsoma kwanon, ya bar shi ya jiƙa. Da ya ɗago shi, tsohon gam ɗin ya riga ya saki. Kwanon ya rabu uku a hannunsa, tsuntsu ɗaya nan, ɗaya can.

Abba ya shigo da gudu. Da ya ga abin da ya faru, sai ya ɗaga hannu sama, bakinsa na shirin furta wa ɗansa kalmar da ba ta janyuwa.

"Kada ka yi masa baki!" Umma ta zube a ƙasa. "Ni ce! Ni na fasa shi, ina da cikin wannan yaron. Jiri ya ɗebe ni ina goge shi. Tsoronka ya sa na kai wa tsohon mai gyara a ɓoye. Washegarin ranar da ka kori Mai Tangaran na je shagonsa na roƙe shi ya rufa mini asiri. Ya ce, 'Umma, ƙarya ba zan yi ba, sunanki kuma ba zai fita daga bakina ba. Zan jira.' Ya rasa Auta saboda ni, ina kallo na yi shiru!"

Abba ya dubi gutsattsarin, ya dubi matar da ta yi shekara talatin tana jin tsoronsa saboda kwano. Kunya ta rufe shi. Ya durƙusa, ya tsallake tangaran ɗin, ya kama hannunta ya ɗaga ta.

Da yamma, shi da kansa ya naɗe gutsattsarin a tawul ya tafi shagon, Auta na biye da shi. Mai Tangaran ya miƙe da sauri har kujera ta faɗi.

"Na kawo maka gyara biyu," in ji Abba. "Wannan na hannuna, da kuma wanda na ɓata da bakina. Ka yafe mini, ɗana."

"Abba, ba komai wallahi. Sai dai kwanon... bayan gyara sai na sa masa ɗigona kusa da na mahaifina."

"Sa shi babba, yadda kowa zai gani!"

Auta ta yi dariya, hawaye na zuba.

An ɗaura auren, kuma ba a sayar da kwanon ba. Yana falon Auta yanzu, a kan buɗaɗɗiyar kanta, kuma Umma kan goge shi da hannunta in ta kai ziyara. Wanda ya riƙe gaskiya ya haɗa da rufin asiri da haƙuri, abin da ya rasa yakan dawo masa har ƙofa. Shi kuwa maigidan da ake tsoro fiye da yadda ake sonsa, shi ne na ƙarshen jin abin da ya fashe a gidansa.