Yatsan Auta a Bakin Ƙarfe

Baba kafinta ne. A jikin teburin aikinsa akwai wani ƙarfe mai baki biyu da yake matse katako da shi. Ya sha hana yara taɓa shi.

Ranar nan Baba ya hau rufin ɗaki yana gyara. ’Yarsa ta ja ƙanenta Auta zuwa wurin teburin.

“Zo mu fasa ƙwallon dabino,” in ji ta. “Riƙe min nan.”

Ta murɗa hannun ƙarfen. Ƙwallon ya zame. Ƙarfen ya kama yatsan Auta.

“Wayyo Yaya! Hannuna!”

Ta ɗaga murya. “Baba! Ƙarfe ya kama Auta!”

Baba ya leƙo daga sama. Tsani yana can bayan ɗaki, da nisa.

“Kada ki ja hannunsa! Murɗa ƙarfen saɓanin tafiyar hannun agogo!”

Ta tsaya cak. Ita a waya take duba lokaci. Ba ta san ta ina hannun agogo yake bi ba. Kunya ta hana ta faɗa. Sai ta murɗa yadda ta ga dama.

Ƙarfen ya ƙara matsewa. Auta ya ƙwalla ƙara. Yatsan ya fara yin baƙi.

“Baba, ban sani ba!” Ta fashe da kuka. “Wane ɓangare ne?”

“Dubi ƙarshen hannun ƙarfen da ke sama! Tura shi hagu, ya sauko ƙasa! Hagunki!”

Ta tura. Ƙarfen ya yi ƙara, ya buɗe baki. Auta ya zare hannu.

A asibiti likita ta duba yatsan. “Ƙashi bai karye ba. Amma da an ƙara murɗa ɗaya, da wani zancen ake yi.”

Da suka dawo, Baba ya zana agogo a kan katako.

“Hannun agogo daga sama yake zuwa dama, ya sauko, ya koma ta hagu. Yawanci haka ake ɗaure abu. Saɓaninsa kuma kwancewa. ’Yar aji biyar ba ta san wannan ba? Gobe zan je makarantarku. Dole a rataya agogo a kowane aji!”

“Ka yafe min, Baba.”

“Na yafe. Amma ki riƙe wannan: abin da aka hana ki, ki bar shi. Abin da ba ki sani ba kuma, ki ce ba ki sani ba tun kafin ki murɗa.”

Auta ya ɗaga yatsansa mai bandeji. “Yaya, ƙwallon dabinona fa?”